Babikiyu: wane suna za mu raɗa mata da Hausa?

1/ Yanzu gayyatar matasa a Sakkwato ba ta cika sai an ce "akwai babikiyu bayan Isha'i", wasu ma su rubuta BBQ kawai. Garin da ke da Sarkin Fawa da rundawa, wato masu sana'ar fawa, tun kafin Turawa su shigo a 1903, a ce gasa nama sai mun ari suna? Ku matso mu warware.

2/ Kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun asali. Mutanen Sifaniya suka ji ta a bakin ƙabilar Taino ta tsibiran Karibiyan, "barbacoa", wato shimfiɗar itace da ake kafawa bisa sanduna a ɗora nama sama da wuta. Ta shiga rubutunsu a 1526. Yau Bature na kiran abu uku da ita: abin da ake gashin a kai, naman da aka gasa, da taron cin naman. Shi ya sa duk mai neman kalma ɗaya tak yake shan wahala. Hausa ba ta cusa ukun nan a buhu ɗaya.

3/ Naman dai ba mu da gibi, sunaye ma sun yi mana yawa. In an yanka shi sala-sala, an soke a tsinke, an turmuza cikin garin ƙuli da yaji, an yayyafa man gyaɗa, tsire ne. In manyan yanka ne a kan raga, mai nama yana juyawa yana shafa mai, ya daddatsa maka a takarda da albasa da yaji a gefe, balangu ne. Kilishi sai ya sha rana, an tsoma a labu, wato kwaɓin ƙuli da kayan yaji, an sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta kaɗan. Kifi kuma banda. Wanda ya kira duk waɗannan babikiyu ya rage wa kansa harshe, don in ka aiki yaro da wagga kalma bai san abin da zai sawo ba.

4/ Wani zai ce a Amurka, musamman jihar Texas, babikiyu na gaskiya shi ne nama ya daɗe a kan wuta marar ƙarfi, hayaƙi na ratsa shi awa goma ko fiye. To ya zo Sakkwato ranar Babbar Sallah ya ga tareni. A feɗe ragon layya, a buɗe shi, a soke da sanduna gicciye, a kafa raguna a jere gefen wutar itace, ba bisa wutar ba. Zafi ne ke gasa shi a hankali, kitse na ɗiga, dattijo ɗaya na zaune yana tsawata wa yara kada su ƙara itace. Washegari a sassare a soya. Mutanen Ajantina ma haka suke kafa ɗan rago a gashinsu na asado.

5/ Abin gashin ma kada mu ƙago. Masu sana'a "raga" suke cewa ko "waya". Mai son tsari ya ce "magasa", kamar mahauta da majema.

6/ Gibin yana wurin taron. An kawo "walimar gashi", amma walima ta aure ce da saukar Alƙur'ani, ta yi wa abokai shida da rabin akuya nauyi. "Zaman gashi" ya yi daɗi a baki, sai dai a rubuce ba a bambanta gashin wuta da gashin kai, wata baiwar Allah sai ta taho da mataji. "Dabar nama" kuwa ku bar ta, kowa ya san su wa ake kira 'yan daba.

7/ Ni dai "zaman tukuba" na zaɓa. Tukuba ita ce tudun tokar da mai tsire ke kafa tsinkaye kewaye da wuta, kuma nan ake hirar dare tun kaka da kakanni, kowa na jiran nasa ya nuna. Kalmar ta zo da wutarta da mutanenta. A can Turai giya ce abokiyar wannan zama. Nan an hana ta tun da jiha ta ɗauki Shari'a a 2000, ga kuma zoɓo mai sanyi da kunun aya da shayi sun tsare wurin.

8/ Na san ƙorafin: rabin duro da gawayi a tsakar gida ai ba tukuba ba ce. Jirgi ma da na ruwa kaɗai muka sani, yau ga na ƙasa ga na sama, ba wanda ya ruɗe. Ku gwada rubuta "Zaman tukuba gidanmu ranar Asabar, kowa ya zo da yajinsa", mu ga ko akwai Basakkwacen da zai tambayi fassara.