Abin da muka tsayar kan fita tuƙin kwale-kwale

Jiya bayan la'asar mun zauna a majalisarmu ta Gwale kan maganar ƙungiyar tuƙin kwale-kwale, ga abin da na tsinta.

Rigar ruwa, wato mai hana nutsewa, aka fi daɗewa a kai, kowa sai ya saka kuma a ɗaure ta tamau, ko da kai gwanin iyo ne. Da aka tuno kifewar jirgin Bagwai a dam ɗin Watari a 2021, yawanci yara 'yan Islamiyya, wallahi wajen tsit ya yi. Don haka ba lodi, kuma a ƙirga mutane kafin shiga da bayan fitowa.

Sabbin shiga a fara da ruwa kwantacce irin na dam ɗin Tiga, da safe kafin iska ta taso, a nisanci inda ake sako ruwa, a kuma nemi masuntan wajen don su suka san ruwansu. Gwani ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Ruwa mai gudu kan duwatsu irin na kogin Zambezi kuwa matakin haɗarinsa 1 zuwa 6 ne, sai da hular kwano. Wani yayanmu da ya taɓa yi ya ce in ka faɗa kar ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye, dutse zai iya riƙe maka ƙafa ruwa ya danne ka, ka kwanta rigingine ƙafafunka a gaba har ka samu gefe. Ni wannan ta fi tsaya min a rai.

Watan Agusta dai mun ce a haƙura.