Wufar falo a but ɗin Golf

Mai Golf: Salam jama'a. Yau raina a ɓace yake. Na ciro wufar falona, wato babbar lasifikar nan mai duka, wadda aka rubuta wat 1000 a kwalinta, na kai wa wani mai kiran kansa injiniya a kasuwar Panteka ta Kaduna ya haɗa min a but ɗin motata. Ya karɓi kuɗina, ya cusa inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, a ƙarƙashin kujera. Ko gadar Kawo ban kai ba ta fara ƙugi, in na taka totur kuma wani kuka ya biyo baya kamar na sauro. Da safe mota ta ƙi tashi, sai yaran layi ne suka tura ni. Ni dai ina nan a kan bakana: kayan sautin gida sun fi na mota, ma'aikata ne ba mu da su.

Ɗan Panteka: "Mai kiran kansa injiniya" kuma? To Alhaji, me kake so ya kira kansa, likita?

Na Poly: Sunansa rewaya. Injiniya shi ne wanda ya yi karatu, COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ta yi masa rajista. Ba duk mai sukundireba a aljihu ba.

Ɗan Panteka: Madalla. Ranar da kik ɗinka ya ƙi ɗauka sai ka kira COREN. Ɗaliban Poly nawa ne suke tako ƙafa har rumfunanmu mu ƙera musu aikin kammala karatu, su je su karɓi maki?

Na Poly: Nawa ne? Kawo lissafi.

Ɗan Panteka: Tambayi kanka, ƙila kana ciki.

Baban Amira: Ku dakata, ku bar ni da mai tambaya. Alhaji, batirin mota bolt 12 ne, in inji na aiki ya kai wajen 14. Kayan falo kuwa wutar gida suke ci, bolt 230. Inbata zai ɗaga wutar, na'urar kuma ta sake sauke ta a cikinta, ka ga an yi asara sau biyu. Ƙaramin inbata mai araha ba ya ba da wuta mai tsabta, ƙugin nan daga shi ne. Kukan da ke bin totur kuma na altaneta ne, wato na'urar cajin batir, yawanci in wayar negatib ba ta kama bodi sosai ba. In kuma kai tsaye ya ɗaura inbatan a batir, yana shan wuta ko ka zare makulli. Ka duba ma ko ya sa fis, don wayar da ba fis ita ke cinna wa mota wuta.

Na Poly: Kun ji bambanci. Wannan bayanin ɗan boko ne.

Baban Amira: A'a ƙanena, ni a gareji na koya, a Tudun Wada. Shekara bakwai ina wanke sifana.

Ɗan Panteka: Allahu Akbar! Na Poly, ina kake? Fito mana.

Hajiyar Barnawa: Ni tambayata, me babba da iyali zai yi da wat 1000 a mota? Wani yaro a layinmu in ya dawo ƙarfe 12 na dare har tagogi rawa suke.

Ɗan Rigasa: Hajiya, a Barnawa ma ana jin ƙara? Na zaci janareto ya toshe muku kunne.

Hajiyar Barnawa: Yaro, ka kiyaye ni, na haifi kamarka.

Baban Amira: Hajiya ki kwantar da hankalinki, dubun nan ta kwali ce kawai. PMPO ake ce mata, lambar talla. Ƙarfin gaskiya RMS ne, kuma ko kusa da hakan ba ya zuwa. Sannan akwai om, ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta: lasifikar gida yawanci om 8 ce ko 6, ta mota om 4. In ka haɗa wa amfilifayar mota lasifika mai om 8, kusan rabin ƙarfinta za ta ba ka. Ga zafin but da rana, ga ƙura, ga ramuka, akwatin falo ba don wannan wahalar aka yi shi ba.

Ɗan Rigasa: Ni dai akwai mai Keke a unguwarmu da ya sa ta gida, shekara biyu tana duka.

Na Poly: Ka gani da idonka?

Ɗan Rigasa: Abokin yayana ne ya faɗa min.

Mai Golf: To ni yanzu in koma in karɓi kuɗina ko yaya?

Ɗan Panteka: Ka fara janye "mai kiran kansa" tukuna.

Na Poly: A matsayina na admin, bari in taƙaita don waɗanda ba su bi ba. An tattauna, kuma mafi yawa sun yarda cewa rewaya ba injiniya ba ne, rashin karatu ne ya kashe batirin Alhaji. Bayanin Baban Amira ma duk abin da muka yi ne a shekarar farko, ko da ya ce a gareji ya tsinta. Zargin da aka yi wa ɗalibai ba a kawo hujja ba, don haka na goge shi. Na rufe magana sai bayan Isha'i.