Dokin tagulla da na zuba ya ƙi tsayuwa a kan ƙafafun baya, ina kuskuren yake?

Ɗan Maƙeri:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni a gidan ƙira na tashi. Mahaifina likkafa da linzami da ƙararrawar doki yake zubawa, tun ina ɗan shekara goma nake ja masa zuga-zugi, yanzu da ƙarfinsa ya ja baya ni ke riƙe da maƙerar. Watan jiya wani mai kiwon dawaki da muke yi wa kayan hawa ya ce in zuba masa doki da mahayinsa, tsayin kamu ɗaya, zai ba da shi kyauta ga wanda ya ci sukuwa. Yana son dokin ya miƙe a kan ƙafafun baya, irin yadda ingarma ke yi idan an ja masa linzami a gaban sarki ranar hawan sallah.

Na gina shi da kakin zuma, kwana tara ina kai, har gezar na bi ta da allura ɗaya bayan ɗaya. Na lulluɓe da yumɓu da kashin jaki, na gasa kakin ya tsiyaye, na narka tsofaffin kan famfo da guntayen jan ƙarfe na zuba. Ya ci min kusan kilo 20. Da na fasa yumɓun ya fito da kyau, sai dai akwai wani rami a ƙirji kamar an dangwala babban yatsa. Ina tsayar da shi a kan benci ya kifa ta gaba, ƙafar hagu ta baya ta tsage a dantse. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Daren nan na ga hoton wani doki na tagulla a birnin Madrid, ya fi doki na gaske girma, ƙafafun gaba a sama, ga sarki a kai, an ce ya kusa shekara 400 a haka. To yaya aka yi nasu ya tsaya nawa ya faɗi? Sannan mutumin ya ce idan ƙaramin ya yi, yana son babba, girman doki sosai, a ƙofar bargarsa. Shi kuma yaya ake kafa shi?

Injiniyan Gada:

Wa alaikumus salam ƙanena. Hannunka bai yi kuskure ba, rabon nauyi ne ya kayar da kai. Doki mai rai idan ya miƙe, daƙiƙa biyu ko uku yake yi, yana ta gyara tsayuwa da jijiyoyinsa. Na ƙarfe ba shi da wannan. Dole tsakiyar nauyinsa ta sauka daidai tsakanin wuraren da ya taɓa ƙasa. Kai kuwa ka cika ƙirji da wuya da kai da mahayi da ƙarfe, duk suna gaba da kofatan baya, ka bar siraran ƙafafu biyu da ɗawainiyar.

Wanda ka gani na Sarki Filibus na huɗu ne na Sifaniya. Wani gwanin zubin tagulla mai suna Pietro Tacca ya yi shi a birnin Florence na Italiya tsakanin 1634 da 1640, kuma shi ma wannan matsalar ta sha masa kai. Ana cewa masanin kimiyyar nan Galileo ne ya ba shi shawara: a cika bayan dokin da ƙarfe, a bar gaban da rami a ciki, bangonsa siriri. Ka sake duba hoton da kyau, za ka ga wutsiyar ta sauka har ƙasa. Ba ado ba ce kawai, ƙafa ce ta uku.

Haka Falconet, wani gwanin Bafaranshe, ya yi wa dokin Sarki Bitrus na Rasha da aka buɗe a Saint Petersburg a 1782. Akwai maciji da dokin ya take, wutsiyar ta haɗu da jikin macijin, ta nan nauyin ke sauka kan dutse. Mai kallo yana ganin maciji, maƙeri kuma ya san madogara ce. Donatello ma, wani gwanin ɗan Italiya, da ya yi nasa a birnin Padua a 1453, dokin tafiya kawai yake yi, amma duk da haka sai da ya sa ƙwallo a ƙarƙashin kofaton gaba da ya ɗaga. Shi kansa Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen Italiya, da farko mai miƙewa ya zana wa Sarkin Milan, daga baya ya koma mai tafiya. Ya gama samfurinsa na yumɓu a 1493, tsayinsa ya kai mita 7, sai yaƙi ya taso aka kwashe tagullar da aka tanada don zubin aka yi igwa da ita, sojojin Faransa kuma suka lalata na yumɓun a 1499. Saboda haka kada ranka ya ɓaci, manya sun sha wannan wuyar kafin kai.

Abin da za ka yi: ka ƙara lanƙwasa ƙafafun baya su shigo ƙarƙashin ciki, ka mayar da mahayin baya kaɗan, ka saukar da wutsiya ta taɓa farantin da dokin zai tsaya a kai. Kuma ka zuba farantin tare da ƙafafun a zubi ɗaya, ya miƙa ta gaba har ƙarƙashin ƙirji.

Malamar Zane:

Sannu da ƙoƙari Malam. Injiniya ya gama maganar nauyi, ni kan ramin ƙirjin nan zan tsaya, domin shi ya nuna min cewa cike ka zuba shi.

Ƙarfe idan yana hucewa tsukewa yake yi. Ƙafafu sirara ne, nan da nan suka daskare. Ƙirjin mai kauri ya daɗe yana ruwa a ciki, da ya zo tsukewa babu inda zai jawo ƙari, sai ya lotsa. Likkafa ba ta taɓa yi muku haka ba saboda kaurinta kusan ɗaya ne ko'ina.

Lokacin da muke ɗalibai an kai mu Titin Igun a birnin Benin na jihar Edo, inda zuriyar masu zubin fadar Oba, wato sarkin Benin, suke aiki har yau. Kakanninsu ne suka zuba mahayan dawakin nan da Turawan Ingila suka kwashe a 1897. Na zauna wuni guda kusa da wani dattijo. Bai fara da kaki ba. Jan yumɓu ya fara murzawa ya yi siffar abin, ƙasa kaɗan da girman da yake so, ya bar shi ya bushe ƙarau. Sannan ya yi birgimar kaki a kan katako da kwalba har ya zama kamar waina mai faɗi, ya yanka ya manna a jikin yumɓun, ya ɗauki ɗan ƙashi mai tsini yana fitar da ido da ado. Inda kakin yake, nan kaɗai ƙarfe zai shiga. Kai ma haka za ka yi wa gangar jiki da wuya da mahayi, kaurin kakin kada ya wuce milimita 4 zuwa 5. Ƙafafun baya da wutsiya kuwa ka bar su kaki zalla, su fito a cike.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa: idan kakin ya tsiyaye, yumɓun ciki ba shi da abin riƙewa, zai zame ya jingina da bango ɗaya, sai wani gefen ya fito da huda. Kafin ka lulluɓe, ka soka ƙananan ƙusoshi ta cikin kakin su shiga yumɓun ciki, kawunansu su rage a waje yumɓun waje ya kama su. Bayan zubi ka cire su ka toshe ramukan.

Ka yi wa iska hanya, sirarin kaki daga bakin doki da kunnuwa da kofatan gaba da kan mahayi, su fito sama kusa da mazubi, wato bakin da ake zuba ƙarfen. Shafin farko ya zama yumɓu mai laushi kamar kunu, da garin gawayi, shi ke ɗaukar gezar da ka sha wahala a kai. Ka auna kakin da ka yi amfani da shi ka ninka sau goma, kusan nauyin ƙarfen da za ka narka ke nan, ka ɗan ƙara saboda mazubi.

Don Allah ka gasa yumɓun har ya yi ja, ka zuba yana da zafi. Ɗigon laima ɗaya ya isa ya watso maka ƙarfe a fuska. Ko a wajen Falconet, a zubin farko na 1775 abin da ake zuba ƙarfen a ciki ya fashe, wuta ta kama, sai da aka sake zuba ɓangaren sama. Kuma kan famfo akwai tutiya da yawa a ciki, farin hayaƙin nan da ke tashi ita ce, tana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ka yi aikin a fili. Tagulla ta ainihi jan ƙarfe ne kusan kashi 90 cikin ɗari, sauran kuza, idan za ka samu ta fi.

Baba Mai Sirdi:

Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Na san irin gidajenku, likkafar da nake hawa da ita shekara talatin maƙeri irin mahaifinka ne ya zuba ta. Ba zan ɓoye maka abin da ke raina ba. Maganar surar abu mai rai magana ce mai nauyi a addini, kuma hadisai a kanta suna cikin Bukhari da Muslim. Wani mai wannan sana'ar ya je wa Ibn Abbas, ya ce da ita yake ci, sai ya ba shi shawarar ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Ni ba malami ba ne, ba fatawa nake ba ka ba. Amma kafin ka karɓi kuɗin babban nan, ka je ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa. Sirdi da likkafa da linzami da alkyabba na tagulla, a kan faranti mai kyau, ai kyautar sukuwa ce da kowa zai yi alfahari da ita.

Injiniyan Gada:

Baba ya faɗi gaskiya, wannan hukuncin naka ne da malamanka. Ni zan amsa maganar kafawa tunda an tambaya, kuma ta shafi kowane babban aikin ƙarfe.

Doki da mahayi girman gaske idan aka cika su za su kai tan 5. Da rami a ciki suna komawa wajen tan guda. Ba a zuba su gaba ɗaya yanzu, gunduwa-gunduwa ake yi a haɗa da walda, a goge wajen haɗin. A cikin ƙafafun ake sa sanduna su fito ta kofato, kuma ƙarfe marar tsatsa ake sawa. Rodi na gini idan ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa ƙafar daga ciki. A huda ƙananan ramuka a ƙasan ciki da kofatai ruwa ya riƙa fita.

Ginshiƙin kankare ya sami kwana 28 kafin a ɗora masa kaya. Kada ka auna ramukan da sandunan za su shiga a kankaren da tef. Na taɓa tsayawa a wani aiki inda aka yi haka, ga mota mai ɗaga kaya ana biyanta da awa, ga ƙarfe na lilo a sama, rami ɗaya ya kauce da faɗin yatsa biyu, muka wuni muna sabon huda. Ka ɗora kofatan a kan falankin katako ka zana inda sandunan suke, da wannan katakon za a huda kankaren. A ɗaga da majanyi mai faɗi ta ƙarƙashin ƙirji da ciki, ban da sarƙa, ban da wuya. A saukar a gwada tukuna, in ya zauna sai a ɗaga a cika ramukan da gam ɗin kafa ƙarfe a mayar. Ƙarshe a shafe shi da kaki, a riƙa sabuntawa duk shekara bayan damina.

Ɗan Maƙeri:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarka ta shige ni, ranar Juma'a bayan masallaci zan je wajen malaminmu, kuma na riga na gaya wa mai dawakin ya dakata da zancen babban. Na karanta wa mahaifina abin da Malama ta rubuta, ya yi shiru, ya ce ai haka kakansa ke zuba manyan ƙararrawa, da yumɓu a ciki, shi ne bai taɓa kawo wa ransa a yi wa doki haka ba. Tsohon na sare shi gida huɗu zan mayar tukunya. Malama, ƙusoshin nan, wayar ƙafar keke za ta yi, ko za ta narke kafin ƙarfen ya daskare?