Maigidana ya fara rikicewa a lissafi, likita ya ce daga hanta ne

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Maigidana direban adaidaita sahu ne, Hotoro zuwa Bata yake yi. Yana da ciwon hanta na B tun kafin a haifi autarmu, daga baya hoto ya nuna hantar ta taurare. Tenofovir ɗinsa kullum, ba fashi. Mutumin da fasinjoji ke miƙo wa kuɗi lokaci ɗaya ya ba kowa canjinsa bai waiga ba, yanzu sai ya zube kuɗi a tabarma ya ƙirga ya sake ƙirgawa, balas bai cika ba, ya ce an cuce shi. Da dare idonsa biyu, da hantsi gyangyaɗi. Amma hira lafiya lau, ya san kowa. Hajiyarsu ta ce sammu ne, saboda rigimar gidan gado da baffansu, wadda har gaban mai unguwa an je, kuma ni aka ɗora wa laifin zuga shi. Likita ya sa ya lissafo dabbobi cikin minti ɗaya, ya ba shi takarda ya haɗa lambobi 1 zuwa 25 da biro, sai ya ce hantar ce ta fara taɓa ƙwaƙwalwa. Ya rubuta wani maganin ruwa mai zaƙi. Wa zan bi?

Abban Sadiq: Allah ya ba shi lafiya. Ki hana shi nama da ƙwai da wake gaba ɗaya. Haka aka yi wa mahaifinmu.

Anti Nas: Abban Sadiq, wannan tsohon zance ne, an daina. Tsokar jikin mutum tana taimaka wa hanta wajen kwashe amoniya, wata guba da ke taruwa a jini, in ya rame abin ƙaruwa yake. Mai irin ciwon nan ana so ya samu furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nama, ƙwai da wake) giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, kuma kada ya kwanta da yunwa: kunun gyaɗa, awara ko nono kafin barci. Maman Ikram, likitanku ya san aikinsa. Ƙwayoyin bakteriya na cikin hanji suna samar da amoniya, hanta mai lafiya ta tace. In ta taurare sai ta wuce cikin jini zuwa ƙwaƙwalwa. A farko ba a gane shi a hira, shi ya sa ake gwajin takarda. Maganin lactulose ne ko? Yana sha?

Maman Ikram: Shi ne Anti. Ya fara ya ajiye, zagayawa yake sa shi. Mai tuƙi a ina zai riƙa tsayawa? Ni ban ga laifinsa ba gaskiya.

Anti Nas: To ai zagayawar ce aikin maganin! Bahaya mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana ake nema. In ya zama gudawa, likita ya rage awon, ba a ajiyewa.

Ummu Hanif: Ni dai dangin miji sai Allah. Lokacin jinyar yayana haka suka cika mu da jiƙe-jiƙe, wani mai kemis kuma ya ba shi ƙwayar barci, kwana ya yi bai san inda yake ba. Har yau ba wanda ya ce mana ko sannu.

Abban Sadiq: Ku je a auna amoniyar a jini kawai a huta. Lissafa akuya da jaki ba gwaji ba ne.

Anti Nas: Awon jinin shi kaɗai ba ya tabbatar da komai, wani nasa ya hau kuma garau yake. Ummu Hanif ta taɓo wajen: ba ƙwayar barci irin su diazepam, ba tramadol, ba jiƙo. In kika ga baƙin bahaya, aman jini, zazzaɓi, ko ya miƙa hannu hannun yana faɗuwa yana tashi, ko ya kasa faɗin ranar da ake ciki, asibiti nan take. Sannan in faɗa miki wadda ba kya so: ya ajiye tuƙi sai likita ya sake gwada shi. Ciwon nan yana rage saurin taka birki.

Maman Ikram: Anti, babur ɗin fa na mutane ne. In ya ajiye mai shi zai ba wani, mu ci me? Kuma bai taɓa buge kowa ba. Rubutun Hajiya ma ban hana ba, uwarsa ce.

Malam Habu Gwammaja: Addu'a ba ta hana asibiti, a haɗa. Ba shi da ƙani da zai riƙe masa babur ɗin a raba?

Maman Ikram: Ƙanin nasa ai yana ɓangaren baffan.

Anti Nas: Ki koma da shi wajen likitan a satin nan, ki faɗa masa sana'arsa. In lactulose ya gagara akwai wani magani, rifaximin, sai dai da tsada.

Maman Ikram: Zan gani, sai abin da maigidan ya ce. Awarar dai zan fara yau.

Ummu Hanif: Anti Nas, ni kuma mantuwar da nake yi tun da na haihu fa, ita ma hanta ce?