Wace NAS zan saya don ajiyar hotunan biki?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara tara ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna a Kano, duk a RAW (ɗanyen hoto daga kyamara, mai cin wurin ajiya sosai), kuma hotunan suna warwatse a ƙananan faya-fayan ajiya guda bakwai cikin durowa. Makon jiya ɗaya ya fara ƙas-ƙas, ya ƙi buɗewa. Hotunan kamun wata amarya na ciki, mahaifiyarta kuma sai kirana take yi.

Na yanke shawarar sayen NAS, wato akwatin ajiya da ake sa wa faya-fayai a haɗa shi da network, mai gurbi huɗu, na kamfanin Synology ko QNAP. Inda na maƙale shi ne faya-fayan. Na karanta cewa masu SMR (tsarin rubutu da layukan bayanai ke hawa kan juna a faifai) suna jan ƙafa sosai idan RAID (tsarin haɗa faya-fayai don kada a rasa bayanai in ɗaya ya lalace) na sake gina kansa bayan an canza faifai, don haka hankalina ya fi kwanciya da CMR (tsarin da layukan ba sa hawa kan juna), irin WD Red Plus ko Seagate IronWolf. To, in sayi huɗu masu 8TB a RAID 5, in samu kusan 24TB, ko biyu masu 16TB tukuna?

Ga kuma matsalar wuta da zafin Afrilu. Ƙaramin UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, zai wadatar? Na san RAID ba ya hana gobara ko ɓarawo, amma kuɗin data ba zai bar ni in ɗora hotunana masu 11TB a intanet ba. Ku ina kuke ajiye kwafi na biyu?