Neman kalmar Hausa: me za mu kira gidan da Marcus Raskin ya kafa?

Mai fassarar labarai, Kaduna

Assalamu alaikum malamai da iyayena. Aiki ne ya tsaya mini tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi gabanku. An ba ni tarihin wani Ba'amurke, Marcus Raskin, in mayar da shi Hausa don shirin rediyo, jimlar farko ma ta hana ni gaba. An ce shi ne ya kafa wani "think tank" na 'yan "left wing". Kalma biyu, kowacce da tata rigimar.

Ga mutumin a taƙaice, don ku ga jikin da za a ɗinka wa rigar. An haife shi a Milwaukee a 1934, ya rasu a 2017. Ya karanta shari'a a Jami'ar Chicago. Ya fara aiki da wani ɗan majalisar wakilai na jam'iyyar Democrat, Robert Kastenmeier, daga nan a 1961 ya shiga fadar shugaba Kennedy, ƙarƙashin McGeorge Bundy mai ba da shawara kan tsaro. Zaman bai yi daɗi ba, don shi ba ya goyon bayan tara makaman nukiliya. A 1963 shi da Richard Barnet, wanda shi ma ya baro aikin gwamnati, suka buɗe Institute for Policy Studies, IPS a taƙaice, a Washington. Ba ta ba da digiri, ba ta tsayar da ɗan takara, kuma tun farko suka yanke cewa ba za su karɓi kuɗin gwamnati ba. Masana ne aka tara, ana biyansu su yi bincike, su rubuta abin da suke ganin ya dace ƙasa ta yi, su kai wa 'yan majalisa da 'yan jarida da ƙungiyoyi. Masu bin labaran Amurka za su san ɗansa, Jamie Raskin, wanda ya jagoranci masu gabatar da ƙara a shari'ar tsige Trump ta biyu a 2021.

Na rubuta "tankin tunani", na karanta a fili, na goge. Na rubuta "cibiyar bincike", sai kunnena ya tafi Samaru wajen masu binciken irin shuka. Me zan kira gidan nan?

Malamin Hausa mai ritaya, Kano

Wa'alaikumus salam 'yata. Kin yi daidai da kika goge tankin. Tanki a kunnen Bahaushe na ruwa ne ko na mai, tanka kuma ta yaƙi ce. Su ma masu harshen, da can ƙoƙon kan mutum suke kira haka cikin raha, sai bayan yaƙin duniya na biyu kalmar ta koma kan gidaje irin su RAND, da aka kafa a 1948 tana yi wa sojan saman Amurka aikin tunani. Ba dole sai mun ɗauko tankinsu ba.

'Yan jaridarmu sun saba da "cibiyar nazarin manufofi". Haka ake kiran ta Kuru kusa da Jos, wadda aka buɗe a 1979, haka ake gabatar da Chatham House ta Landan duk lokacin da 'yan takararmu suka je can jawabi. Kalma ce da ta zauna. Shawarata a bar ta inda take.

Ɗalibin kimiyyar siyasa, Zariya

Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa in ɗan ja. Ta Kuru ta gwamnati ce, gwamnati ke naɗa shugabanta. Kuma "nazari" yana sa mai sauraro ya hango malami a ɗakin karatu, ba ruwansa da wa ya ci wa ya faɗi. Rayuwar Raskin ba ta yi kama da haka ba ko kaɗan.

A 1965 shi da Bernard Fall suka tara rubuce-rubuce kan yaƙin Biyetnam cikin littafi guda, ɗaliban jami'o'i suka riƙa amfani da shi a tarukan adawa da yaƙin. A 1967 yana cikin waɗanda suka rubuta takardar kira ga jama'a su mara wa samarin da suka ƙi shiga aikin sojan dole baya. Farkon 1968 gwamnati ta gurfanar da shi a Boston tare da mutum huɗu, ciki har da shahararren likitan yara Benjamin Spock, bisa zargin haɗa baki. Aka samu huɗun da laifi, shi kaɗai aka wanke. A shekarar nan kuma ya shiga yunƙurin kafa sabuwar jam'iyya, don ya ga Democrat ɗin da ya fito daga cikinta ita ce ke tafiyar da yaƙin. Lokacin da Daniel Ellsberg ya kwafi takardun sirri na Pentagon, ma'aikatar tsaron Amurka, waɗanda jaridar New York Times ta fara bugawa a 1971, Raskin na cikin waɗanda ya fara ba wa. Sunansa ya shiga jerin abokan gaba na fadar Nixon, hukumar FBI ta sa wa IPS ido shekara da shekaru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar 21 ga Satumba 1976. Orlando Letelier, tsohon minista a gwamnatin Allende ta Chile, yana aiki a IPS bayan juyin mulkin Pinochet. Bam ya tashi da motarsa a tsakiyar Washington, ya mutu shi da wata matashiyar ma'aikaciyar gidan, Ronni Moffitt. Bincike ya kai ga 'yan sandan ciki na Pinochet. Malam, in na ce wa mai sauraro wannan gidan nazari ne, na ɓoye masa dalilin bam ɗin.

Ɗaya ɓangaren ma haka ne. Heritage, takwarar IPS ta masu ra'ayin mazan jiya da aka kafa a 1973, ta haɗa wa shugaba Reagan littafi mai shafi sama da 1000 na abubuwan da zai aiwatar da ya hau mulki a 1981. Duk gidan da ke cikinsu yana da gefen da ya tsaya. Ni zan ce "rumbun dabaru".

Malamin Hausa mai ritaya, Kano

Ka kawo hujja ɗana, na karɓi rabinta. Amma rumbu ajiya yake yi. Abin da aka noma a wani wuri ake zuba masa, shi ba ya samar da ko ƙwaya. "Zauren masana" da wani ya turo mini ta waya shi ma bai kai ba, zaure wurin hira ne da karɓar baƙi. "Majalisar masana" za ta rikice da ta dokoki. "Tsangaya" kuwa jami'o'i sun riga sun ɗauke ta.

Tsohon ɗan PRP, Funtuwa

Ku bar ni da kalma ta biyun, "left wing", ita ta fi ci mini rai. Jikata, kada ki kuskura ki ce "ɗan hagu" a rediyo. Na san asalinta, wai a majalisar Faransa ta 1789 masu son a rage ikon sarki sun zauna hagu da shugaban zama, masu goyon bayan sarki suka zauna dama. To wannan kujerun Faransa ne. A wajenmu yaro ya miƙo abu da hagu sai an kwaɓe shi. Wanda ya yi makarantar allo kuma ya san su wane ne ma'abota hagu a Suratul Waƙi'a, da inda aka ce za su. Kafin ki fara ba da tarihin mutumin kin riga kin yanke masa hukunci a kunnen tsohuwa da ke saurarenki.

Kuma ba sai mun je Amurka neman misali ba. Dokta Yusufu Bala Usman, Allah ya jiƙansa, ɗan Durɓin Katsina ne, jikan Sarki Dikko, ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello. Aka sa shi a kwamitin rubuta tsarin mulki zamanin Murtala, shi da Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu rahoton na marasa rinjaye. Ya riƙe sakataren gwamnatin jihar Kaduna lokacin da PRP ke mulki. Daga baya ya kafa CEDDERT a Zariya, yana can har ya rasu a 2005. Ya shiga gwamnati, ya fito, ya gina gidan rubutu da bincike, sak irin tafiyar mutumin nan naki. Mu da muka yi zamani da shi ba mu taɓa ce masa ɗan hagu ba. Cewa muke yi yana da ra'ayin talakawa. Tun da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 muke da kalmominmu: talakawa, 'yan sawaba, a ɗaya gefen kuma 'yan mazan jiya.

Malamar makaranta, Damagaram

Baba, Allah ya ƙara girma. Sawaba dai a nan Nijar sunan jam'iyya ne, ta Djibo Bakary, wadda ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958 aka haramta ta a 1959. Har yau akwai gidajen da sunan ke tayar musu da tsohon miki. In an ce wani Ba'amurke ɗan sawaba ne, mutanenmu za su ɗauka wani abu dabam ake nufi.

A kan ta farkon nake da magana. Ni 'yar maƙera ce, a bakin wuta na tashi, kuma tun da 'yar'uwata ta kwatanta gidan nan maƙerar kakana nake gani. Manomi ba ya ƙera garmarsa, mayaƙi ba ya ƙera mashinsa. Wani ne can a rumfa, da masaba da awartaki, ke ɗaukar ɗanyen ƙarfe ya sa a wuta, ya daka a kan uwar maƙera har ya zama abin da hannu zai riƙe. Shi ba ya zuwa gona, ba ya zuwa fagen fama, amma ba a zuwa ko ɗaya sai da abin da ya fito daga hannunsa. Ɗan siyasa ma haka yake, ba shi da lokacin zama ya lissafa haraji ko kasafin soja, sai a miƙo masa a ƙere.

Ina ba da shawarar "maƙerar manufofi". Abin da ya sa na fi son ta, Bahaushe ya ji maƙera ya san ba a hura wuta a banza. Zai tambaya wa ya kawo ƙarfen, wa ya sayi gawayin, wa ke riƙe da zugazugi, lauje ake ƙerawa ko takobi. Waɗannan tambayoyin su ne ya kamata mai sauraro ya yi duk lokacin da aka ce wani gida ya fitar da rahoto. Ƙin karɓar kuɗin gwamnati da su Raskin suka yi ma sai ya fito fili: sun ƙi gawayin fada ne don kada fada ta zaɓa musu abin da za su ƙera.

Malamin Hausa mai ritaya, Kano

Malama, wannan ta shige ni. Ga wani alheri da ke cikinta ta fuskar nahawu. Wurin shi ne maƙerar manufofi, jam'insa maƙerun manufofi, kamar makaranta da makarantu. Ma'aikacin shi ne maƙerin manufofi, mace maƙeriya, in suna da yawa maƙeran manufofi. Saiwa ɗaya ta ba mu gida da mutanen gida.

Tsorona ɗaya ne, ana cewa wane ya ƙera ƙarya. Mai mugun nufi zai iya karkatar da ita can. Amma "manufofi" da ke biye da ita ta toshe wannan ƙofar gwargwado. Sai dai ina roƙo, inda sunan hukuma ne kamar ta Kuru, a bar mata "cibiyar nazarin manufofi", sunanta ne. Maƙera ta zama sunan jinsin gidajen baki ɗaya.

Ɗalibin kimiyyar siyasa, Zariya

Na janye rumbuna. A kan ta biyu, na bi waɗanda ake ji a kafafen labarai ɗaya bayan ɗaya. "Gurguzu" ta yi wa Raskin nauyi, mutumin da ya fito daga cikin Democrat da fadar Kennedy, kuma a Amurka wannan kalmar zargi ce da abokan hamayya ke jifa da ita. "Sassaucin ra'ayi" ta yi masa sanyi. "Tsattsauran ra'ayi" yanzu 'yan bindiga take kawowa a zuciya. "Ra'ayin sauyi" kuwa, ai mutanen Reagan ma sauyi suka zo yi. Abin da ya haɗa 'yan wannan ɓangaren tun daga Faransa har yau shi ne rage tazara tsakanin mai shi da marar shi, tsakanin mai iko da wanda ake iko da shi. Me zai hana mu ce "masu ra'ayin daidaito"?

Tsohon ɗan PRP, Funtuwa

Daidaito kalmar 'yan boko ce, ɗana, ba ta da zafi. An ɗaure mutane a gidan yarin En'e saboda kalmar talaka, ban san wanda aka ɗaure saboda daidaito ba. Ni dai ra'ayin talakawa zan ci gaba da cewa. Amma na yarda yau kowane ɗan takara cewa yake yi shi na talaka ne, har kalmar ta fara sanyi a bakinsu. Jikata, ki zaɓa, ke ke gaban makirufo.

Mai fassarar labarai, Kaduna

Na gode malamai, na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na rubuta jimlar: "Marcus Raskin, wanda a 1963 ya kafa IPS, wata maƙerar manufofi ta masu ra'ayin daidaito a birnin Washington." Karon farko da kalmar za ta fito zan bi ta da bayani gajere, cewa gida ne da masana ke tsara wa 'yan siyasa da ƙungiyoyi manufofi. Inda labarin ya zo kan ma'aikata da marasa galihu zan sa "ra'ayin talakawa" na Baba, don a can ta fi zama.

Malama, ina neman izini in ambaci maƙerar kakanki a buɗe shirin, ba tare da suna ba. Ranar Laraba za a ɗauka, in an watsa zan dawo muku da abin da masu kiran waya suka ce.