Musang King ne kaɗai duriyan da ya cancanci kuɗinsa?

Alhaji: Ni dai maganata ɗaya ce. Wanda zai sayi duriyan, ɗan itacen nan mai ƙayoyi a ɓawo da wari mai ƙarfi, a Malesiya ya sayi irin da ake kira Musang King, mai lambar rajista D197, ko ya haƙura. Tsokarsa rawaya ce shar kamar an zuba gangamau, ƙwallonsa siriri ne shafaffe, ga zaƙi da ɗan ɗaci a ƙarshe. Sauran duk cikon benci ne.

Hajiya: Haba Alhaji, cikon benci? A kilo ake sayarwa, har da ɓawo, kuma abin da za ka ci bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin ba. Kuɗin Musang King kan ninka na wani irin da ake kira D24. D24 ɗin ƙwallonsa ya fi girma, na yarda, amma mai iyali zai ɗauki biyu a kuɗin ɗaya.

Malam: Hajiya na da gaskiya a lissafi, sai dai matsalar ta fi nan. Ba duk abin da aka rubuta wa Musang King ba ne shi. A juya gindinsa: sai an ga tauraro mai reshe biyar a fili, ƙayoyin kuma masu faɗin tushe ne, ba sirara masu cunkoso ba. Ko na gaskiyar ma, ɗan sabuwar bishiya zaƙi ne zalla. Ɗacin da Alhaji ke yabo na tsofaffin bishiyoyi ne, irin na Raub a jihar Pahang.

Alhaji: To Malam, in ba shi ba sai wa?

Malam: Black Thorn na jihar Penang a Malesiya, D200. Tsokarsa ta fi karkata zuwa ruwan lemo, ta fi laushi, kuma sau da yawa ya fi Musang King tsada.

Yaya: Kun manta sabon shiga a cin duriyan. Shi Monthong na Tailan ya dace da shi, warinsa da sauƙi, tsoka jingim. Dalili kuwa, a Tailan yanke shi ake yi daga bishiya kafin ya gama nuna, shi ya sa yake jure tafiya. A Malesiya jira ake ya faɗo da kansa, daga nan kwana biyu zuwa uku ya fara tsami.

Hajiya: Shi ya sa suna ba ya ceton kaya. A kankare karan da farce, in kore ne mai damshi sabo ne. A girgiza a kusa da kunne, a ji ɗan motsi a ciki. A duba ƙaramin rami, na tsutsa ne. Bayan ruwan sama mai yawa kuma tsakiyarsa kan jiƙe, ɗanɗanon ya salance, ko wane iri ne.

Alhaji: Duk na ji. Amma a Yuni da Yuli, lokacin da kaya ya cika kasuwa farashi ya sauka, ina nan a kan bakata.

Malam: To ka sa mai kaya ya fasa a gabanka kafin ka biya.